Gyaran Sifirin da Shokazoba na Bayan Mota

Sifirin da shokazoba su ne manyan sassan da ke tsakanin tayoyin baya da gangar jikin mota. Sifirin ke ɗaukar nauyi, shokazoba kuma ke kashe lilon da mota za ta yi idan taya ta faɗa rami. Akwai kuma robobin da makanikai ke kira bushin, waɗanda ke hana ƙarfe cin ƙarfe a mahaɗai. Canza waɗannan sassa yana cikin ayyukan yau da kullum a garejin Dutsin-Ma da Kurfi, a tsakiyar Jihar Katsina, inda yawancin motocin haya tsofaffi ne.

Ire-ire

Ƙirar baya ta bambanta daga mota zuwa mota. Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 kuma kamfanin PAN ya riƙa haɗa ta a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, wagon ɗinta na da sifirin mai naɗi guda huɗu a baya, biyu a kowane gefe. A-kori-kurarta kuwa sifirin mai falle-falle gare ta. Volkswagen Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, tana da ƙarfe guda da ya haɗa tayoyin biyu, sifirin kuma yana naɗe a jikin shokazoba. Bas ɗin J5 da Toyota Hiace sifirin mai falle suke amfani da shi.

Abin da ke kashe su

Babban dalili shi ne lodi fiye da ƙima. Motar da ke zirga-zirga daga Katsina ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma, ko ta gangara Safana da ƙauyuka, takan ɗauki fasinja a cushe, ga buhunan gero da masara a but, musamman da kaka da ranar kasuwa. Gargadar hanyar burji takan gajiyar da shokazoba, ƙurar rani ta cinye robar da ke riƙe mansa, ruwan damina kuma ya kawo tsatsa.

Alamomi

Bayan mota yakan zauna ko ya karkace gefe guda. Akan ga danshin mai a jikin shokazoba, a ji ƙwanƙwasa a kan gargada, taya kuma ta riƙa cinyewa tsalli-tsalli. Bakanike yakan danna bayan motar da ƙarfi ya saki. Idan ta ci gaba da lilo, shokazoba ya mutu.

Yadda ake canzawa

Ana datse tayoyin gaba, a ɗaga baya da jak, sannan a tokare motar da abin da ba zai goce ba, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Notin da ya yi tsatsa akan jiƙa shi da mai kafin a sa sifana. Sifirin mai naɗi sai an matse shi da abin matsewa kafin a kwance, in ba haka ba yana iya fizgewa ya yi mummunan rauni. Ƙa'ida ita ce a canza hagu da dama tare. Notin bushin kuwa ba a ɗaure shi tamau sai mota ta sauka kan tayoyinta, don kada robar ta murɗe ta yage da wuri.

Kayan gyara

Akan sayi sabo ko na hannu, wanda ake kira ɗan Beljiyam. Abin da ba a samu a gari ba sai a aika Katsina ko Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Wasu direbobi kan sa a ƙara falle a sifirin don mota ta ɗauki kaya. Wannan yana ɗaga bayan mota, amma bai ƙara wa birki, taya ko aksil ƙarfi ba, don haka nauyin da masana'anta ta ƙayyade yana nan yadda yake.