Maƙalar Mako: Rigimar Musayar 'Yan Wasa Da Ta Faro A Gidan Abinci

Da yawanmu muna buga Fantasy Premier League, amma kaɗan ne muka san cewa masu alƙalami irinmu ne suka yaɗa wannan harka.

A 1980 Daniel Okrent, marubuci kuma edita a Amurka, ya kafa gasar besbol ta kan takarda tare da abokansa. Sunan gidan abincin da suke haɗuwa a New York, La Rotisserie Française, shi ya bi gasar. Tsarin da ya zauna: kowa da dala 260, ya sayi 'yan wasa 23 a gwanjo, makinsa kuma ya dogara da abin da suka yi a fili na gaske. A 1984 suka fitar da littafi ɗauke da kundin dokokinsu.

Wajen musaya aka fi kai ruwa rana. Wanda ya ga bana ta kuɓuce masa sai ya miƙa zaratansa ga mai neman kofi, ya karɓi matasa masu arha saboda baɗi. Su biyun sun ci riba, na biyu a teburi kuwa an yi masa sakiyar da ba ruwa. Dabara ce ko haɗin baki?

Wasu gasannin suka sa ranar rufe ciniki, wasu suka bar wa shugaba hukunci, wasu suka koma ƙuri'a. Mu dai ƙuri'ar ba ta kwanta mana ba, tunda masu kaɗa ta abokan hamayyar mai cinikin ne.

Okrent kuwa ya shafe shekaru bai ci gasar da ya ƙirƙira ba.