Admin: Mai Gadin Zauren da Ba Nasa Ba

A watan Oktoban 2018, bayan kashe-kashen Kasuwan Magani, jita-jita ta bazu cikin garin Kaduna, hankula suka tashi, har gwamnati ta kafa dokar hana fita ba dare ba rana. A irin wannan rana, labari kan riga jami'an tsaro isa Kawo, Malali da Unguwar Rimi, domin ta waya yake tafiya. Wanda ke fara cin karo da shi kuwa shi ne admin na zauren WhatsApp ko Facebook: na unguwa, na masallaci, na tsofaffin ɗalibai. Shi zai yanke hukunci ko hoton gawar da aka turo ya zauna ko a goge, ba tare da horo ko albashi ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, kamfanonin sun ɗora wa 'yan sa kai nauyi mai girma, amma sun hana su ta cewa a kan dokokin da suke aiki da su.

Reddit ne ya fi fito da wannan fili. A 2023 kamfanin ya sanya kuɗi mai tsada ga manhajojin waje da ke jan bayanai daga rumbunsa, alhali da yawa daga masu kula da zaurukansa da su suke aiki. Christian Selig, mai manhajar Apollo, ya lissafa cewa za a riƙa cajinsa kimanin dala miliyan 20 a shekara, don haka ya rufe ta. Ranar 12 ga Yuni dubban zauruka suka kulle ƙofa. Shugaban kamfanin, Steve Huffman, bai ja da baya ba. Aka aika wa masu yajin gargaɗi cewa ko su buɗe ko a maye gurbinsu, aka kuma sauke wasu. Wani bincike na Jami'ar Northwestern a 2022 ya ƙiyasta cewa aikin da waɗannan mutane ke yi kyauta ya kai aƙalla dala miliyan 3.4 a shekara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba sabon abu ba ne. Tun 1999 'yan sa kai na AOL suka maka kamfanin a kotu kan aikin da ba lada, aka shafe kimanin shekara goma kafin a sasanta da biyan dala miliyan 15.

Sai dai ba ko'ina aka bi hanyar Reddit ba. A Yunin 2019 Gidauniyar Wikimedia ta dakatar da wani admin na Wikipedia ta Turanci ba tare da tuntuɓar jama'ar dandalin ba. Masu kula da yawa suka ajiye muƙamansu, gidauniyar ta sauko, ta miƙa shari'ar ga kwamitin sasantawa da 'yan sa kai suka zaɓa da kansu. A dandalin Stack Exchange ma, yajin aikin masu kula na 2023 kan dokar rubutun da na'ura ta ƙirƙira ya ƙare ne da tattaunawa. Bambancin a bayyane yake: inda 'yan sa kai ke da wakilai da tsarin ɗaukaka ƙara, fushi kan zama sulhu, inda babu, mai dandali kan jira gajiya ta ci masu kuka.

Admin na Kaduna ko yajin ma ba shi da ikon yi. Idan ya rufe zaure, maƙwabtansa ya hukunta, Meta, mai WhatsApp da Facebook, ba ta san ya yi ba. Matsinsa daga ƙasa yake zuwa: ya goge saƙon dattijo a ce ba shi da ladabi, ya cire mai zagi a ce ɗan koren 'yan siyasa ne, ya kawar da kai a ce da bakinsa. A garin da rikicin shekarar 2000 ya raba mazauna tsakanin arewa da kudancin kogi, wannan ba ƙaramin kaya ba ne. Daga sama kuma shiru: binciken BBC na 2018 kan hotunan ƙarya da suka rura wutar rikicin Filato ya gano cewa masu tantance labarai huɗu kacal abokan aikin Facebook suka tanadar wa Najeriya, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.

WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a 2019, ya kuma ba admin damar goge saƙon kowa a 2022. Matakan suna da amfani, amma na biyun ƙarin nauyi ne a wuyan admin, domin yanzu duk abin da ya rage a zaure ana ganin da yardarsa. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne ma'aikata masu jin Hausa da zai iya kai wa ƙara cikin gaggawa a ranar tashin hankali, jagorar aiki da harshensa, da tuntuɓar wakilansa kafin a sauya dokar da shi zai aiwatar a Tudun Wada ko Badarawa.