Gonakin Inabin Aljeriya: Tashinsu da Faɗuwarsu, 1875 zuwa 1975

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin wani al'amari mai ban mamaki a tarihin Afirka ta Arewa. A shekara ta 1960 babu wata ƙasa a duniya da ta kai Aljeriya fitar da giyar inabi zuwa waje, har ma abin da take fitarwa ya fi na Faransa da Italiya da Sifen idan an haɗa su wuri guda. Alhali kuwa a cikin kowane mutum goma na mazauna ƙasar, wajen tara Musulmi ne, waɗanda addininsu ya haramta musu wannan abin sha. Shekara goma sha ɗaya bayan haka sai ga motocin noma suna tumɓuke waɗannan gonaki da umarnin gwamnati. Ba a fahimtar yadda aka yi haka sai an fara da wata annoba da ta auku a Faransa.

Shi dai inabi ba baƙo ba ne a Magrib. An noma shi tun zamanin Rumawa, kuma a ƙarƙashin mulkin Turkawa ana samunsa a lambunan da ke kewaye da birane irin su Tilimsan da Madiya, ana cinsa ɗanye ko a busar da shi ya zama zabibi. Ko bayan da Faransawa suka ci birnin Aljiyas a 1830, sun yi kusan shekara hamsin ba su mai da hankali ga inabi ba. Alkama suka fi nomawa, sun kuma gwada auduga da taba. Daga cikin 'yan ƙalilan da suka fara dasa shi da gaske akwai wasu malaman Kirista masu zaman zuhudu da suka kafa gida a Staouéli, yamma da Aljiyas, a 1843. Har zuwa wajen 1880 gonakin inabin ƙasar duka ba su wuce hekta dubu ashirin da 'yan kai ba.

A wajen 1863 ne manoman gundumar Gard, a kudancin Faransa, suka fara ganin kurangar inabinsu tana bushewa ba gaira ba dalili. Sai a 1868 wani masanin tsirrai mai suna Planchon ya tona ƙasa ya gano musabbabin, watau wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ake kira filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, yana maƙalewa a saiwa yana tsotse ta har itacen ya mutu. A 1875 Faransa ta sami giya kimanin lita miliyan 8,400. Ya zuwa 1889 abin ya faɗo ƙasa da lita miliyan 2,500. Daga baya an sami magani ta hanyar auren itace, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro: a ɗauko reshen inabin Turai a ɗaure shi a kan gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Amma sake dasa gonakin ƙasa guda aiki ne na shekaru masu yawa, ga shi kuwa giya a wurin Bafaranshen wancan zamani, leburansa da attajirinsa, abokiyar burodi ce a kowane cin abinci.

Nan fa ido ya koma ƙetaren Bahar Rum. Tun 1848 an mai da arewacin Aljeriya gundumomi uku na Faransa, watau Aljiyas da Oran da Ƙusanɗina, saboda haka kayanta na shiga Faransa ba kuɗin fito. Ƙasar noma kuwa ta riga ta samu. Bayan an murƙushe boren Shaihu al-Muƙrani na 1871, gwamnati ta ƙwace fiye da hekta 400,000 daga hannun kabilun da suka yi tawaye. Sa'an nan dokar Warnier ta 1873 ta rarraba filayen da dangi ke riƙe da su a dunƙule, ta mai da su mallakar ɗaiɗaikun mutane, yadda ɗan kaka-gida zai iya sayen rabon mutum ɗaya, daga nan ya nemi kotu ta tilasta a sayar da sauran. Bankin Aljeriya ya buɗe bakin aljihu yana ba da rance ga duk Baturen da zai dasa inabi. Manoman kudancin Faransa da ƙwaro ya talauta suka yi ta ƙetarowa, da saninsu da irin shukarsu. Daɗin daɗawa, a 1892 Faransa ta ɗora haraji mai nauyi a kan kayan gona na ƙasashen waje, abin da ya toshe wa giyar Sifen hanya, ya bar wa ta Aljeriya fili. Kafin 1914 gonakin sun kai hekta 150,000, kuma a tsakiyar shekarun 1930 sun doshi 400,000. A 1934 an sami fiye da lita miliyan 2,000.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan irin inabin da aka dasa, domin a nan ne zancen ya ke. Da manoman yankin Languedoc suka farfaɗo daga annobar, sai suka cika kwaruruwansu da wani iri mai suna Aramon, wanda ke 'ya'ya jingim amma ruwansa tsararo ne, ba launi ba ƙarfi. A Aljeriya kuwa, musamman a gundumar Oran, wajen Ain Temouchent da Mustaganim da Sidi Bil Abbas da tuddan Mu'askar, an dasa Carignan da Cinsault da Grenache da Alicante Bouschet. Zafin rana yana sa sukari ya taru a cikin 'ya'yan, sukarin nan kuwa shi ke zama barasa, don haka giyar takan fito da kauri da duhu. Shi Alicante Bouschet har naman cikinsa ja ne, saɓanin yawancin inabi da launinsu ke a ɓawo kaɗai. Dillalai sukan sauke ta a tashoshin jiragen ruwa na Sète da Marseille da Rouen, su sirka ta da ta Languedoc, su sayar da sunan jar giyar yau da kullum. Su da kansu suna kiranta giya likita, wai don tana warkar da raunin tasu. Ke nan ba a yi ta don ta tsaya da ƙafarta ko ta yi suna ba. Mai saye guda aka yi wa ita, don ta cike masa wani giɓi.

Wannan haɗi bai hana gaba ba. A 1907 farashi ya faɗi ƙasa warwas saboda yawan giya da kuma ta jabu da ake yi da sukari. Manoman Languedoc suka tashi a ƙarƙashin jagorancin Marcelin Albert, har taron da suka yi a Montpellier ran 9 ga watan Yuni ya haura mutum 500,000. Sojoji suka yi harbi a Narbonne aka rasa rayuka, wata runduna kuma ta ƙi bin umarni a Béziers. Tun daga lokacin manoman kudu ba su daina kuka da giyar Aljeriya ba. Dokar 1931 da ta taƙaita sabon dashe, da ta 1935 da ta kafa tsarin kare sunayen yankunan giya, duka suna da nasaba da wannan tsoro. Watau tsarin nan da Faransa ke alfahari da shi, na cewa ba a kiran giya da sunan Bordeaux ko Bourgogne sai can aka yi ta, wani ɓangare nasa katanga ce da aka gina don tare ambaliya daga Afirka.

To, ina mutanen ƙasa a cikin wannan hidima? Kaɗan daga cikinsu sun mallaki 'yan gonakin inabi, amma galibinsu 'yan ƙodago ne. Inabi shuka ce mai cin hannu, ga sassabe da datsa da feshi da tsinka, don haka ya ba da aiki fiye da alkama nesa ba kusa ba. Sai dai aikin na 'yan watanni ne, ladan kuma kaɗan, ga 'yan cin rani daga Sifen da duwatsun Rif na Maroko suna gogayya da su. Ƙasa mafi albarka ta bakin teku ta tafi ga inabi, alkama da sha'ir na talaka aka tura su kan tudu inda ruwa ba shi da tabbas, jama'a kuwa tana ta ƙaruwa. Mutum ya wayi gari yana lebura a kan gonar kakansa, yana noma abin da shi ba zai kai bakinsa ba. Ba abin mamaki ba ne da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a 1954 aka riƙa shiga gonakin 'yan kaka-gida da dare ana sare kurangar.

Yarjejeniyar Evian ta watan Maris 1962 ta kawo 'yancin kai a watan Yuli, Turawa kusan miliyan guda suka kwashe nasu ya nasu suka bar ƙasar cikin 'yan watanni. Ma'aikata suka ci gaba da gudanar da gonakin da kansu, gwamnatin Ahmad Bin Balla ta amince da haka a watan Maris 1963, a watan Oktoba kuma ta ƙwace sauran filayen Turawa. Gonar nan ta Staouéli, wadda iyalin Borgeaud suka saya a 1904, tana cikin waɗanda aka karɓe. Sabuwar gwamnati ta gaji hekta wajen 350,000 na inabi, da wata haja wadda a shekarun 1950 ita ce kusan rabin kuɗin abin da ƙasar ke sayarwa a waje. Masu shanta na cikin gida sun tafi, haka ma yawancin masu sanin sarrafa ta.

A 1964 Faransa ta yi alkawarin ci gaba da saye har wasu shekaru, amma da manoman kudu suka matsa, sai ta yi ta jan ƙafa, giya ta taru a manyan tankuna ba mai ɗauka. A 1968 Tarayyar Sobiyet ta yarda za ta riƙa karɓar lita miliyan 500 kowace shekara daga 1969 zuwa 1975, a kan farashin da bai kai na Faransa ba. A 1970 dokokin Kasuwar Tarayyar Turai suka hana sirka giyar ƙasashen ƙungiyar da ta waje, aikin da aka dasa gonakin dominsa ya ƙare ke nan. Ran 24 ga Fabrairu 1971 Shugaba Huwari Bumadiyan ya karɓe mafi yawan hannun jarin kamfanonin man fetur na Faransa, dangantaka ta ƙara tsami, a wannan shekara kuma aka shiga tumɓuke inabin gadan-gadan.

Sau da yawa akan ce addini ne ya sa aka yi haka. Lalle yana da nasa tasiri, amma jerin shekarun nan ya nuna cewa gwamnatin ta shafe shekara tara tana neman mai saye kafin ta ɗauki gatari, kuma ba ta ɗauka ba sai da kuɗin mai ya ba ta abin dogaro. Asarar ma ba ƙarama ba ce. Dubban 'yan ƙodago sun rasa aiki sun kwarara cikin birane, a gangaren duwatsu kuma hatsin da aka shuka bai riƙe ƙasa kamar yadda saiwar inabi ke yi ba, zaizaya ta ci wurare da dama.

Ba duka aka tumɓuke ba. A 1970 gwamnatin ta keɓe yankuna bakwai na kan tudu, ciki har da Mu'askar da Tilimsan da Madiya da Dahra, ta ba su sunayen da doka ke karewa, bisa tsarin nan na Faransa na 1935. A farkon ƙarni na 21 giyar da Aljeriya ke yi a shekara ba ta kai lita miliyan 100 ba, kuma inabin ci ya riga ya fi na matsewa yawa a gonakinta.