Tarihin Kumburin Muƙamuƙi da Antibodin da ke Gano Shi

Gabatarwa

Ina aji uku na sakandare wani yaro ɗan maƙwabtanmu a Sundimina ya tashi da kumburi a muƙamuƙinsa. Shekarunsa shida. Da farko aka ce hangum ne, aka shafa masa magani. Da haƙoransa suka soma girgiɗi aka ce sammu ne. Kafin a haɗa kuɗin mota a kai shi Birnin Kudu, daga can a tura shi Kano, kumburin ya rufe masa ido ɗaya. Likita ya ce sankara ce mai suna Burkitt, kuma da an zo da wuri da an yi wani abu. Allah Ya ji ƙansa. Wannan suna ya zauna mini a rai, shi ya sa na bi diddiginsa. Abin da na tarar shi ne zan kawo wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a wannan takarda.

Mafarin Labari

Denis Burkitt likitan fiɗa ne, mutumin Ailan, wanda ya yi aiki a asibitin Mulago da ke Kamfala ta ƙasar Yuganda. A 1958 ya wallafa bayanin wannan kumburi da yake gani ga yara. A 1961 shi da abokansa biyu suka yi tafiyar kimanin mil 10,000 a mota, suna bin asibitocin gabashi da kudancin Afirka suna tambaya. Suka lura cutar ta fi yawa a inda akwai zafi da ruwan sama, ta yi ƙaranci a kan duwatsu masu sanyi. Daga baya aka gane cewa tana bin sawun zazzaɓin cizon sauro ne. A 1964 kuma Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairas cikin naman kumburin a Landan. Ita ce bairas ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam.

Nijeriya ma ta taka rawa a wannan aiki. A 1963, a Ibadan, Farfesa Pulvertaft ya raya ƙwayoyin kumburin wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11 a cikin kwalba, suka ci gaba da hayayyafa. Ana kiran su Raji, kuma har yau ana aiki da su a ɗakunan bincike na duniya. A 1972 Victor Anomah Ngu, likita ɗan Kamaru wanda ya yi aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka karɓi lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt, saboda nuna cewa allura na iya narkar da kumburin.

Me ke Kumbura Muƙamuƙin?

Kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da littafin gado mai kundi 46, waɗanda masana ke kira kuromosom. Ba kowane shafi ake karantawa a lokaci guda ba. Akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su ce, "A buɗe shafi kaza, a kwafa." Mu kira su masu umarnin kwafi. Ɗaya daga cikin manyansu sunansa MYC, shi ne ke umartar ƙwaya ta girma ta rabu biyu. Mazauninsa kuromosom na 8, kuma in ya gama aiki akan rufe masa baki.

A 1982 masu bincike a Amurka suka gano cewa MYC yana kan yankin kuromosom na 8 wanda a sankarar Burkitt kan tsinke ya manne wa na 14. Wato MYC ya yi ƙaura, ya sauka kusa da shafin da ake ƙera antibodi. Shi kuwa antibodi ɗan doka ne na cikin jini, wanda ya san fuskar ɓarawo ɗaya tak, in ya gan shi sai ya cafke. Ƙwayoyin jinin da ke ƙera shi ba sa rufe wannan shafi, saboda haka MYC ma ba ya sake yin shiru. Kumburin kan iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Yaron da zazzaɓi ke ta kayarwa kowace damina, waɗannan ƙwayoyi nasa ba sa hutawa, don haka kuskuren ya fi saurin aukuwa gare shi.

Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

To, ta yaya ake ganin abin da ya fi ƙarfin ido haka? A 1975, a Kambirij ta Ingila, Georges Köhler da César Milstein suka haɗe ƙwayar ɓera mai ƙera antibodi da ƙwayar sankara. Abin da ya fito ya gaji sana'ar ta farko da rashin mutuwar ta biyu, sai ya zama masana'antar antibodi iri ɗaya ba yankewa. Aka ba su lambar Nobel a 1984. A 1985 Gerard Evan da abokan aikinsa suka samar da antibodi mai lamba 9E10, wanda ke kama furotin ɗin MYC.

Yadda ake aiki da irin waɗannan kuwa shi ne, a yanko ɗan naman kumburi siriri, a shimfiɗa kan gilashi, a ɗiga antibodi, sannan a bi shi da rini. Inda duk ya kama abin nemansa sai wurin ya yi launin ƙasa-ƙasa a madubin likita. Da haka ake neman MYC da BCL6, wani mai umarnin kwafi, a bambanta Burkitt da 'yan'uwanta, domin kowace da irin allurarta. Bugu da ƙari, antibodi ya zama magani da kansa: a 1997 aka amince da rituximab a Amurka, kuma ƙwayoyin Raji na Ibadan suna cikin waɗanda ake gwada ƙarfinsa a kansu.

Kammalawa

Mai karatu ya ga cewa wannan ilmi daga muƙamuƙan yaran Afirka ya taso, ya zaga Landan da Amurka. Abin takaici shi ne bai dawo ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram da harshen da iyayenmu ke ji ba. Burkitt tana cikin sankarar da ta fi jin magani in an tare ta da wuri, amma uwar yaron nan ba ta taɓa jin haka ba sai a bakin likita, ranar da lokaci ya riga ya ƙure.

Nan ne aikinmu ya shigo, mu ɗaliban Hausa. Ba mu iya riƙe allura ba, amma mun iya ƙirƙirar kalma da shirya bayani don rediyo da makarantun firamare. Saƙon kuma gajere ne: kumburin muƙamuƙi ko na ciki da ke ƙaruwa kullum ga ƙaramin yaro, musamman in haƙora na girgiɗi, a kai shi asibiti a makon nan, kada a jira kaka a sayar da gyaɗa. Allah Ya kare mana ƙannenmu, amin.