Tambayar Yara Game da Yaƙi: Daga Blenheim Zuwa Mai Wurno

A shekarar 1798 mawaƙin Ingila Robert Southey ya wallafa waƙarsa After Blenheim, a kan gwabzawar da Ingila da ƙawayenta suka yi da Faransa a 1704. A cikin waƙar, wani yaro ya tsinci ƙoƙon kan mutum a bakin rafi, ya kai wa kakansa. Tsohon ya ba shi labari, shi da 'yar'uwarsa, na gidajen da aka ƙone da matan da suka mutu da jariransu, duk da haka bai daina yabon nasarar ba. Yarinyar ta kira abin mugunta, yaron kuma ya nemi sanin alherin da yaƙin ya haifar. Kakan ya rasa amsa.

Tambayar nan tana da mazauni a tarihin Hausawan Sinnar. Bayan Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas tare da dubban jama'a. A ranar 27 ga Yuli aka yi karon Burmi, inda ya yi shahada tare da mabiyansa fiye da 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragamar waɗanda suka tsira, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu wajen 1906, inda garin Mai Wurno yake a yau, kudu da birnin Sinnar.

Kirari da waƙar fada sukan adana sunayen jarumai. Ba safai sukan ambaci marayun da suka taka sawu daga Burmi zuwa Sudan ba, alhali kuwa su ne suka girma suka raya garin, suka noma auduga a Jazira bayan an kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya iso jihar, har Singa, babban birninta, ya faɗa hannun dakarun RSF a Yunin 2024, jikokin masu hijira suka sake ɗaukar kaya. Tambayar yaran ba ta rage darajar waɗanda suka kwanta dama a Burmi. Tana dai tunasar da marubucin tarihi cewa ya lissafa marayu kamar yadda yake lissafa tutoci.