Yaƙin Basasar Salaga na 1892

Kafin 1892 Salaga ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Fatake daga Kano sukan bi ta Yendi su sauka can. A shekarar nan 'ya'yan sarki suka yi rikici kan sarautar Kpembe. Kabachewura Isifa ya gayyato mayaƙan Dagomba da Nanumba, suka ci garin. Hausawa suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji, ciniki kuwa ya bi su. Wannan ya buɗe wa Turawa ƙofa. Sojojin Jamus suka ci Dagomba a Adibo a 1896. A 1899 aka raba ƙasar, Ingila ta ɗauki Salaga, Jamus ta ɗauki Yendi. Lalle sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.