Daga Kaset Zuwa Sifika Shida a Jimeta

Lokacin da Yola ta zama hedikwatar jihar Gongola a 1976, rikoda mai cin kaset ce sarauniyar falo. Daga bakin sifika ɗaya ake jin Shata da waƙoƙin Fulani.

Bayan shekarar 2000 faifan DVD ya cika kasuwar Jimeta, ya taho da na'ura mai ƙananan sifiku biyar da babba ɗaya mai gurnani. Sai dai waƙar da ake turawa a memori ko ta Bluetooth layi biyu kawai gare ta, hagu da dama. Shi ya sa sifikun baya kan yi tsit, ko su maimaita na gaba, maigida kuma ya kinkimi lafiyayyar na'ura zuwa wurin mai gyara.